Muhawara: Jeanne-Claude ba ta taɓa zana ko layi ɗaya ba, da me ta ci sunan mai fasaha?

Malam Bello Mai Fenti (Garwa):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tunda yaranmu na Marwa sun taso da zancen jera labulen yadi a cikin mayo, wato kogin da ke ƙafewa, da rani, gara a fara sanin waɗanda suka mai da irin wannan aiki sana'a, wato Christo da matarsa Jeanne-Claude. Ni dai matar ce ta tsaya mini a rai. An haife ta a Kasablanka ta Maroko ranar 13 ga Yuni 1935, rana ɗaya shekara ɗaya da mijin, wanda aka haifa a Gabrovo ta Bulgeriya. Ba ta shiga makarantar zane ba, Latin da falsafa ta karanta a Tunis. Sun haɗu a Faris a 1958, lokacin Christo yana ɗan gudun hijira, da zana fuskokin masu hali yake cin abinci, aka kira shi ya zana mahaifiyarta. A 1964 suka koma Niyok. Ta rasu a 2009, shi kuma a 2020. Duk wani zanen takarda da aka sayar, hannun Christo ne. Amma a 1994 suka fito suka ce manyan ayyukansu na waje, har da na baya, na su biyu ne, a rubuta sunayen biyu. To da me ta ci sunan?

Alhaji Ɗanladi (Kusiri):
Wa alaikumus salam Malam Bello. Amsar ai a fili take. Matar gida ce mai riƙe masa lissafi, ya ga tsufa ya zo ya kyautata mata. Akawu ba ya zama maƙeri don ya daɗe a bakin maƙera.

Malama Hadiza (Ngawundare):
Alhaji, a yi mana afuwa, wannan hukunci ya yi sauri. Sai an fara duba mene ne aikin. Ɗauki shingen yadin da suka yi a Kalifoniya a 1976. Tsawonsa kilomita 39.4, tsayinsa mita 5.5, ya ratsa gonakin masu kiwo 59, ya faɗa teku. Kwana 14 kawai ya yi a tsaye. Amma wata 42 aka yi ana shirinsa: zaman sauraron jama'a 18, zama uku a kotu, da rahoton muhalli mai shafi 450. Kowane mai gona sai da aka je gidansa aka zauna da shi, wani sau da dama, har ya sa hannu. A wannan zirga-zirga Jeanne-Claude ce a gaba. Su da kansu sun sha cewa wannan kai-komo cikin aikin yake, ba share fage ba ne. Idan ka cire wata 42 ɗin nan, abin da ya rage maka hoto ne a takarda.

Kuma ba lallashi kaɗai ta iya ba. Kewaye tsibirai 11 da yadi ruwan hoda a gaɓar Miami a 1983, tunaninta ne tun asali.

Nafisa (ɗaliba, Marwa):
Malama, ni abin da ya ɗaure mini kai, a aji an ce mana irin wannan fasaha tunani ne gaba da kaya, wato ko ba a gina ba aikin ya tabbata. Su ma haka ne?

Malama Hadiza:
A'a Nafisa, a nan ne ma suka raba hanya da wasu. Akwai irin su Sol LeWitt na Amurka, wanda yake rubuta umarni a takarda, wasu su zana a bango, shi umarnin ne asalin aikin. Littattafai da yawa suna jefa Christo da Jeanne-Claude cikin wannan rukuni na fasahar tunani, amma su sun ƙi sunan. Hujjarsu ita ce ba su yarda tunani a takarda ya isa ba, sai an ɗinka, an ɗaure, iska ta kaɗa shi, mutane sun taɓa. Inda suka yi kama da waccan ƙungiya shi ne ba hannun mai aikin ne ke gina shi ba, kuma abin ba ya dawwama, ba ya sayuwa, ba a karɓar kuɗin shiga. Ni a ganina rabi suna ciki rabi suna waje, kuma wannan ba aibi ba ne.

Injiniya Yusufu (Njamena):
Kafin in shiga lissafi, ga wata 'yar alaƙa da mu mutanen Cadi. Mijin mahaifiyarta, Janar Jacques de Guillebon, wanda take amsa sunansa, yana cikin hafsoshin kwamandan Faransa Leclerc da suka tashi daga nan suka ci Kufra ta Libiya a 1941. A gidan manyan sojoji ta tashi, ta san yadda ake magana da masu mulki ba tare da gwiwa ta yi sanyi ba. A 1962 da suka toshe wani siririn lungu na Faris mai suna Visconti da ganga 89 ba tare da izini ba, don nuna adawa da katangar Balin, ita ta tsaya tana ja da 'yan sanda har aka bar gangunan suka yi awoyi.

Alhaji Ɗanladi:
To kun ga, bakin magana ne da ita. Na yarda. Amma ni ɗan kasuwa ne, ku gaya mini kuɗin daga ina? Wace gwamnati ce ke zuba musu?

Malam Bello:
Babu ko ɗaya, Alhaji, kuma nan ne za ka ji daɗin labarin. Ba sa karɓar tallafin gwamnati, ba sa karɓar na kamfani, ba sa yin aikin oda. Tsarin shi ne: tun aikin yana baki, Christo zai yi ta zana yadda zai kasance, manya da ƙananan zane, wasu da ɗan guntun yadin da taswirar wurin a manne. Waɗannan ake sayar wa gidajen tarihi da masu tara kayan fasaha, haɗe da tsofaffin ayyukansa na shekarun 1950 da 1960. Sun kafa kamfani nasu mai suna CVJ, ita ke shugabanta, ita ke ciniki, ita ke biyan injiniyoyi da lauyoyi. Ayyukan da suka ajiye ba su sayar ba, su suke jinginarwa a banki idan aiki ya taso ana bukatar kuɗi a dunƙule. Manyan lemomin da suka kafa a Japan da Kalifoniya a 1991 sun ci dala miliyan 26. Naɗe ƙofar Arc de Triomphe ta Faris da yadi a 2021 ya ci kusan yuro miliyan 14, in ka buga da 656 ya haura sefa biliyan 9. Duk daga aljihunsu.

Dalilin ƙin tallafi kuwa, wanda ya ba ka kuɗi zai ce a sa tambarinsa, a canja launi, a ƙara kwana. Su kuma ba sa son mai ce musu uffan.

Modibbo Umaru (Garwa):
Salamu alaikum. Ina bin zancen tun ɗazu. Ta wajen sura ba ni da ta cewa, yadi ne da igiya, babu siffar mai rai. Abin da ke damuna almubazzaranci. Biliyan tara a naɗe dutse kwana 16 a kwance. A garin da ake neman rijiya, wa zai iya kare wannan?

Malama Hadiza:
Allah ya gafarta Malam, tambaya ce mai nauyi, kuma Turawan ma sun yi musu ita. Abin da za a iya faɗa shi ne kuɗin ba ƙonawa aka yi ba. Ya tafi ga masaƙa, teloli, maƙera, direbobi, masu hawa igiya, masu gadi. Ƙa'idarsu ce ba sa sa kowa aikin sa kai, duk wanda ya taɓa aikin sai an biya shi. Kayan kuma ba a zubarwa. Na shingen Kalifoniya, turaku da waya da yadi, masu gonakin aka bar wa. A Miami kafin a shimfiɗa yadi sai da aka kwashe shara kusan tan 40 daga tsibiran. Ko wannan ya wanke su, Malam ya fi ni sanin ma'auni.

Modibbo Umaru:
Biyan ma'aikaci haƙƙinsa abin yabo ne. Sauran kuwa ban gamsu ba tukuna. Ku ci gaba, ina ji.

Injiniya Yusufu:
To bari in shigo da abin da ya fi shafar yaran Marwa, wato iska. Duk wanda zai rataya yadi a fili, da iska zai yi kokawa, ba da nauyin yadin ba. Lissafin sama-sama: ɗauki gudun iska a mita cikin daƙiƙa, ka ninka shi da kansa, ka ninka da 0.6, ka raba da 10, ka sami kilo nawa ke danna kowace murabba'in mita. Iska mai kilomita 50 a awa, wato mita 14 a daƙiƙa, tana ba da kusan kilo 12. Idan ta kai kilomita 100, ba ninki biyu za ta yi ba, ninki huɗu ne, kusan kilo 47. Wannan ne mutane ba sa ganewa.

Su ma sun sha a hannunta. Labulen da suka rataya tsakanin duwatsu biyu a Kolorado, faɗinsa mita 381, yadi murabba'in mita 18,600. Gwajin farko a 1971 iska ta yayyage shi tun ba a gama buɗewa ba. Suka sake ɗinka wani, suka rataya ranar 10 ga Agusta 1972, awa 28 kacal ya yi guguwa mai gudun kusan kilomita 100 ta tilasta a fara kwancewa. Ku buga da lissafin can, za ku ga ɗaruruwan tan ne ke tura wannan labule.

Wanda ya fi muni na 1991 ne. Lema 3,100 suka kafa a lokaci ɗaya, shuɗaye 1,340 a Japan, rawaya 1,760 a Kalifoniya, kowace tsayinta mita 6, faɗinta mita 8.66. Iska ta tumɓuke ɗaya a Kalifoniya ta kashe wata mata mai kallo. Nan take suka ba da umarni a rufe duka, a ƙasashen biyu. Wajen kwancewa kuma wani ma'aikaci a Japan ya rasu, hannun motar ɗaga kaya ya taɓa wayar lantarki. Mutanen da ke da injiniyoyi da gwaje-gwaje ke nan. Don haka kada wani ya ce mini ai yadi ne kawai.

Sale Mai Walda (Marwa):
Injiniya ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Yaran sun ce mita 200 suke so, tsayi mita 3. In an kafa turke duk bayan mita 5, kowane fage murabba'in mita 15 ke nan, turaku 41. Da lissafinka, iskar kilomita 50 za ta ɗora wa kowane fage kilo 180, guguwar farkon damina kuwa wajen kilo 700. Bututun ƙarfe mara kauri da ake rumfar biki da shi ba zai ɗauka ba, a gindi zai lanƙwashe, daidai inda ya fito daga ƙasa. Dole kowane turke ya sami waya biyu masu riƙe shi, gaba da baya, daga kansa zuwa ƙasa, a buɗe su kamar nisan tsayin turken.

Matsalar mayo kuma yashi ne. Ka buga fegi a yashi, da hannu ma za ka zare shi. Sai dai a haƙa rami mita ɗaya, a ɗaure wayar a jikin tsohuwar taya ko guntun gungume, a kwantar a gicciye, a binne a daddanna. Taya 82 ke nan, rami 82, ban da na turaku. Turakun farko da na ƙarshe su suka fi shan wahala domin duk jan wayar sama a kansu yake ƙarewa, su sai an ƙara musu ta uku a tsaye da layin.

Injiniya Yusufu:
Haka ne Sale. Kuma abin da ka faɗa shi suka yi a Kalifoniya, sai dai a girma: turakun ƙarfe 2,050, kowane an nutsa shi santimita 91 ba tare da siminti ba, waya kilomita 145, maƙalan ƙasa 14,000, ƙugiya 350,000. Sun guji siminti ne don in an kwance kada a bar wa mai gona ko alama. A Niyok ma, ƙofofi 7,503 da suka jera a lambun Central Park a 2005, ko rami ɗaya ba a haƙa ba, kowace ƙafa a kan gindin ƙarfe mai nauyin ɗaruruwan kilo ta zauna. Tun 1979 suke neman izinin wannan, aka hana su a 1981, sai da Bloomberg ya zama magajin gari aka ba su. Cire haƙa rami daga tsarin yana cikin abin da ya sauƙaƙa.

Shawara ɗaya da zan ƙara: a sa wa aikin wurin da zai karye da gangan. A ɗaure gefen ƙasa da gefunan yadin da siririyar igiya wadda za ta tsinke kafin turke ya lanƙwashe. Iska ta yi ƙarfi, igiyar ta tsinke, yadin ya tashi yana kaɗawa daga wayar sama, turaku su tsira, mutane su tsira. Gobe a sake ɗaurewa. Wanda ya ɗaure ko'ina tamau da waya, shi ne ƙarfe zai tashi da shi.

Hajiya Asabe Tela (Marwa):
Sannunku da lissafi maza. Duk kun yi ta ƙarfe, ba wanda ya tambayi wa zai ɗinka. Mita 200 sau 3, murabba'in mita 600. Turmin atamfa yadi shida ne, wajen mita biyar da rabi, faɗinsa bai cika mita ɗaya da kwata ba. Kowane turmi zai rufe murabba'in mita shida da ɗan kai. Turmi 95 ke nan a takarda. Amma a sa 110, saboda kalmasa da haɗi, kuma ba a ɗinka fage daidai da ramin da zai shiga, sai an ba shi sarari ya yi ciki in iska ta buso. Wanda aka ja tamau a bakin ɗinki yake fara yagewa.

Gefe kuma kalmasa biyu za a yi, faɗin yatsa huɗu, a zura igiya a ciki, sannan a buga idon ƙarfe a bayan igiyar duk bayan kamu ɗaya, santimita 40 haka. In aka buga ido a yadi falle ɗaya, kwana biyu ya zazzage. Kusurwa huɗun nan a ƙara musu ƙyalle mai kauri, don nan ne ja yake taruwa.

Sai dai ni ban ba da shawarar atamfa ba sam. Tsada, ga rana tana cinye launi, ga ƙurar hunturu. Farin akoko ya fi araha, a rina shi in ana son launi, bayan an kwance kuma ya yi amfani a gida.

Nafisa:
Gwaggo Hajiya, to buhun shinkafa ko na taki fa? Shi ma ai saƙar roba ce, na ji an ce irinta suka naɗe majalisar Jamus da ita.

Hajiya Asabe Tela:
Dangi ɗaya ne 'yata, amma ba ƙarfi ɗaya ba. Buhu in ya sha ranar Marwa sai ya fara gari, ki taɓa ya ruɓushe. Na sati biyu zai iya, in sabo ne. Kuma keken gida ba ya son sa, sai na masu ɗinkin tamfol, da zaren roba, a buɗe taku, in an matse taku allura ce za ta yanka saƙar.

Malama Hadiza:
Tunda Nafisa ta ambaci majalisar Jamus, a nan ne za a ga aikin Jeanne-Claude da Christo na lallashi a cikakkensa. Tun 1971 aka fara zancen naɗe Reichstag, wato ginin majalisar. Sau uku ana ƙi, 1977, 1981, 1987. Bayan haɗewar Jamus, shugabar majalisa Rita Süssmuth ta goya musu baya, shugaban gwamnati Helmut Kohl kuwa bai so ba. Suka bi ɗaruruwan 'yan majalisa ofis ofis. Ranar 25 ga Fabrairu 1994 majalisa ta yi muhawara ta kaɗa ƙuri'a, 292 suka yarda, 223 suka ƙi. Ku duba, majalisar ƙasa guda ta zauna tana gardama a kan aikin fasahar da bai wanzu ba tukuna. A 1995 aka naɗe: yadi murabba'in mita 100,000 mai ruwan azurfa, shuɗiyar igiya kilomita 15.6, masu hawa igiya 90, ma'aikata 120. Sati biyu, mutane wajen miliyan biyar suka zo. Aka roƙe su su ƙara kwana, suka ƙi.

Gadar Pont Neuf ta Faris ma shekara goma ta ci, daga 1975 zuwa 1985, sai da Jacques Chirac, yana magajin gari, ya sa hannu. Kuma kada a ɗauka kullum suna nasara. Ayyukan da aka hana su sun fi waɗanda suka yi yawa. Na rufe wani sashe na kogin Arkansas, sama da shekara 20 ana fama da neman izini da kotu, Christo ya haƙura da shi a 2017.

Alhaji Ɗanladi:
Shekara 24 a kan gini ɗaya! Wannan ko bashi ne ai an yafe. To na sassauta, amma ban sauka duka ba. In lallashi da neman izini fasaha ne, su teloli da masu hawa igiyar fa? Me ya sa sunanta ya hau, nasu bai hau ba? Babbar riga ma masaƙi ya taɓa, marini ya taɓa, mai ɗinki da mabugi sun taɓa, amma a kasuwa sunan wanda ya fitar da aikin wuya ake kira.

Malam Bello:
Alhaji yanzu ka zo wurin. Bambancin da su suka yi shi ne wa ke yanke shawara. Wane wuri, wane launi, tsayi nawa, kwana nawa, a ci gaba ko a fasa, su biyu ke yankewa, kuma an san suna yin gardama mai zafi a kai. Injiniya zai ce wannan waya ba za ta ɗauka ba, amma ba zai ce a mai da rawaya shuɗi ba. Sauran ana biyansu, ana rubuta sunayen manyansu a littafin aikin. Har jirgi ɗaya ba sa shiga, don in ɗaya ya faɗi ɗayan ya ƙarasa aiki. Abin da ya faru ke nan a ƙarshe. Hanyar da ke yawo a kan tafkin Iseo na Italiya a 2016, kilomita 3 a kan tulunan roba 220,000, tun 1970 suka yi tunaninta tare, shekara bakwai bayan rasuwarta aka yi. Arc de Triomphe kuwa dukansu ba su gani ba, ɗan ɗan'uwan Christo, Vladimir Yavachev, ya ƙarasa, amma da sunayen su biyu.

Ni abin da nake zargi shi ne jinkirin. Sun ce da gangan suka fara da suna ɗaya, wai ya fi sauƙin shiga kasuwa, kuma a lokacin ba a ɗaukar mace da muhimmanci. Wataƙila haka ne. Amma shekara talatin tana aiki ana kiranta matar Christo, wannan ya yi yawa.

Malama Hadiza:
Kuma tambayar Alhaji ba ta mutu ba, har yanzu ana yin ta, a kusa da mu ma. Ibrahim Mahama na Tamale a Gana yana lulluɓe gine-gine da tsofaffin buhunan garara na koko da gawayi, mutane da yawa ke haɗa masa su da allura. A 2024 ya rufe wani ɓangare na ginin Barbican a Landan da saƙar hannu wajen murabba'in mita 2,000, wadda ɗaruruwan masu sana'a suka ɗinka a filin ƙwallon Tamale. Sunansa ne a kai. Abin da ya yi shi ne ya mai da kuɗin gida ya gina cibiyoyin fasaha a Tamale. A nan Kamaru kuma akwai wata hanyar: Cercle Kapsiki da matasa biyar suka kafa a Duwala a 1998, cikinsu da Hervé Youmbi da Salifou Lindou da Hervé Yamguen, suna aiki da sunan ƙungiya a unguwar New Bell. Yaran Marwa sai su zaɓa tun yanzu, a rubuce, kafin a sayi ko yadi ɗaya. Rigimar suna bayan aiki ya yi kyau take tashi.

Nafisa:
Mu bakwai ne, Malama. Sunan ƙungiya muke so. To ta ina za mu fara neman izini?

Malam Bello:
Ku fara daga ƙasa, kada ku fara da ofis. Mayo da rani ba kango ba ne. Akwai masu ɗiban yashi, masu wanki, masu tonon ruwa, masu lambu a gaɓa, makiyaya masu ratsawa da shanu, da 'yan makaranta masu yanke hanya. Ku zauna wurin tun asuba har magariba ku ga ina ake bi, ku bar ƙofa a duk inda sawu ya yi yawa, mai faɗin da garke zai wuce. Shanu suna tsoron yadi mai kaɗawa, wannan ku tambayi makiyayan da kansu. Daga nan sai jauro da lawan na unguwar, su za su kai ku fadar Lamiɗo. Sannan ofishin magajin gari saboda filin, sannan sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gundumar. Dokar 1990 ta taron jama'a ta ce a sanar kwana 3 kafin taro a wurin jama'a, kwana 7 in abin zai hau titi, amma ku kada ku tsaya wa wannan, ku kai takarda da wata guda ko fiye, da hoton yadda abin zai kasance da taswirar wurin. A yankinmu da yanayin tsaro, duk abin da zai tara mutane sai an yi masa tambayoyi, gara ku amsa su tun kafin a yi.

Ku tafi da amsa uku a baki: yaushe za a kwance, wa zai kwana yana gadi, wa zai ɗauki alhaki in wani ya ji rauni.

Injiniya Yusufu:
Lokaci kuma ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Ruwa ya janye, yashi ya daskare, ƙura ba ta yi kauri ba. Janairu da Fabrairu hazo zai dusashe launin, hoto ma ba zai fito ba. Daga Afrilu zuwa Yuni kada ku kuskura, guguwar da ke gaban hadari ba ta sallama. Damina kuwa ba a maganarta, mayo yana iya cika cikin awa ɗaya da ruwan da aka yi a kan duwatsu, ku a gari ko ɗigo ba ku gani ba. Ku duba sama kuma kafin ku ɗaga kowane turke, in akwai wayar lantarki kusa ku matsa.

Ku samu mai hoto ɗaya ku yi yarjejeniya da shi a rubuce. Su Christo tun farkon shekarun 1970 Wolfgang Volz ke ɗaukar musu, domin bayan sati biyu hoto ne kaɗai zai rage, kuma wanda ya riƙe shi ya riƙe aikin.

Modibbo Umaru:
In yadin zai koma ga marayu ko masu bukata bayan an kwance, kuma an biya masu haƙa da masu ɗinki, to nauyin da ke zuciyata ya ragu. A kuma kwance ko a naɗe sashen da ke kusa da hanyar maƙabarta in za a wuce da gawa.

Sale Mai Walda:
Kafin a sayi turaku 41, a yi fage ɗaya na gwaji. Turke biyu, taya shida, yadi mita 5 sau 3, a kafa a yashin da za a yi aikin, ba a tsakar gida ba. A bar shi sati biyu. Kullum da safe a duba abu huɗu: turke ya karkata, waya ta saki, yashin kan taya ya tsage, ido ya fara zazzagewa. In siririyar igiyar tana tsinkewa kullum, ta yi ƙanƙanta. In iska ta yi ƙarfi ba ta tsinke ba turke ya motsa, ta yi kauri. Su Christo ma sukan gwada ƙarami kafin su kafa babba.

Hajiya Asabe Tela:
Ku kawo mini na gwajin in ɗinka, amma rabi da zaren auduga rabi da na roba, a ga wanda zai fara saki. Kuma Nafisa, in za ku rina, ku rina duka a tukunya ɗaya rana ɗaya wurin marini ɗaya, ku wanke ku shanya kafin a yanka. Akoko yana shiga in ya sha ruwa, in kuka yanka kafin wanki fagen mita 5 zai dawo muku ya gaza, idanun ba za su kai turke ba.